Yoneyama Tokie, Wadda Ta Zana Rufin Zauren Bakin Kogi

Haihuwa da asali

An haifi Yoneyama Tokie ranar tara ga watan Maris na shekarar 1932 a Teradomari, garin masunta da ke gaɓar teku a lardin Niigata. Mahaifinta, Yoneyama Genzo, kafintan kwale-kwale ne kamar yadda nasa mahaifin ya kasance, mahaifiyarta kuwa, Matsu, busar da kifi take yi tana sayarwa. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ta gaji hannun uban, abin da Genzo ya ɗauka hasara ce har ƙarshen ransa, domin a wancan zamani mace ba ta taka rumfar da ake harhaɗa jirgi. Daga bakin ƙofa take tsayawa tana kallo, a nan kuma ta gane yadda ake lanƙwasa siririn katako har ya ɗauki nauyin da kaurinsa bai kai ba. Daga mahaifiyarta ta sami tarbiyyar mutanen lardin, wadda ta ce duk abin da aka miƙo maka, ko ɓarin lemo ne, sai ka ƙi shi sau biyu kafin ka karɓa a na uku.

Ni da na rubuta wannan tarihi sunana Ebina Tatsuo, injiniya ne ni, na yi aiki tebur da tebur da ita shekara takwas. Dalilin rubutun guda ɗaya ne: rufin Zauren Bakin Kogi na birnin Tokyo, wanda littattafai suka jingina wa Farfesa Uchikoshi Norimasa, ita ce ta zana shi, kuma ta shafe shekara hamsin da takwas tana jiran a faɗi haka a bainar jama'a.

Karatu

Ta shiga firamare a shekarar 1938, sa'an nan makarantar 'yan mata ta Nagaoka a 1944, inda yaƙi ya mayar da ɗalibai masu ɗinkin kayan soja maimakon masu karatu. Bayan gobarar ruwan bama-bamai da ta cinye garin a watan Agusta na 1945 ta koma gida na ɗan lokaci, daga baya ta ci gaba har ta kammala. Lokacin da aka buɗe wa mata ƙofar jami'o'i ta zauna jarrabawa, ta samu gurbi a sashen zanen gine-gine na wata jami'a a Tokyo a shekarar 1951. Ranar tafiyarta Genzo bai raka ta tasha ba. Abin da ya ce mata daga cikin rumfa shi ne: “Je ki. Amma in kika gina abu ya faɗo wa mutane a ka, kada ki ce ke 'yata ce.”

Su biyu ne mata cikin ɗalibai tamanin, kuma ginin da ake koyar da su yadda ake tsara gini ba shi da makewayin mata, sai sun tsallaka fili zuwa ɗakin karatu. Ta karɓi takardar shaidar digirinta a watan Maris na 1955 da sakamakon da ya fi na mafi yawan mazan ajin.

Aiki a ofishin Farfesa Uchikoshi

A watan Afrilu na wannan shekara ta kama aiki a ofishin Farfesa Uchikoshi, a saman benen wani gidan katako da ke unguwar Kanda, ni kuma na zo bayanta da shekara ɗaya. Mu goma sha huɗu ne, dukkanmu Malam muke ce masa, kuma ƙa'idar gidan sananniya ce: kowane zane da ya fita, hatimin Malam kaɗai yake ɗauka, ko da kuwa bai taɓa ɗora fensir a kansa ba. Ba mu ɗauki wannan zalunci ba, haka muka tarar ana yi. Malam mutum ne mai baiwa, ba zan ci amanarsa ba a nan, kuma ya iya mu'amala: in ya miƙa wa baƙo alawa baƙon ya ƙi, sai ya sake miƙawa, ya kuma sake, har sai an karɓa. Na faɗi wannan ne don a san cewa ya san al'ada sarai.

A shekarar 1959 hukumar wata gunduma da ke gabashin birnin ta sanar da gasar zanen zauren taron jama'a mai kujera dubu da ɗari biyu, a bakin kogi, a kan ƙasa mai laushi kamar kunu. Malam ya zana rufi uku, ni kuwa da aikina shi ne lissafin nauyi na mayar masa da su duka ukun, saboda kowannensu zai nutsar da ginshiƙansa cikin laka. Saura kwana goma sha ɗaya a rufe gasar, Tokie ta shigo da wani abu a cikin kwalin takalmi. Ƙaramin samfuri ne da ta haɗa da siraran katako, kwale-kwale sak, an kife shi. Na yi kwana huɗu ina lissafi ina neman inda zai karye, ban samu ba. Rufin kankare ne mai kaurin da bai wuce faɗin tafin hannu ba, wanda zai rufe zauren gaba ɗaya, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya.

“Injiniya, ka gama neman laifin?” in ji ta.

“Ban gama ba.”

“To ci gaba. Babana ya yi shekara ashirin da bakwai yana nema.”

Ofishinmu ya ci gasar, aka fara gini a bazarar 1960. Shugaban leburorin ya rantse mace ba za ta hau saman katakon aikin ba, wai hawanta zai jawo haɗari, Malam kuwa bai tsawata masa ba. Saboda haka wata goma sha tara ta yi tana tsaye a ƙasa cikin laka da madubin hangen nesa, tana duba jerin rodi ɗaya bayan ɗaya, tana aika gyara sama a rubuce.

Maganar allon tagulla

A ranar ashirin da biyu ga Disamba na 1961, da misalin ƙarfe uku na rana, aka kawo wa Malam takardar rubutun da za a zuba a allon tagulla na ƙofar zauren, domin ya buga hatimi a kai wa maƙera. Ya tara mu duka, ya ɗaga takardar, ya dubi Tokie.

“Yoneyama, rufin nan naki ne, kowa a ɗakin nan ya sani. A sa sunanki kusa da nawa.”

Ta miƙe, ta sunkuyar da kai, ta faɗi abin da duk 'yar mutunci za ta faɗa: “Haba Malam, ni wace ce? Ai aikin Malam ne.”

Muka tsaya muna jiran tayi na biyu, ita ma kanta na ƙasa tana jira. Malam ya ɗan yi murmushi ya ce, “To, tunda kin ƙi, ba zan tilasta miki ba.” Ya dangwala hatimi a jar tawada, ya buga, ya miƙa wa ɗan aike, ya tambayi ko an biya wa ofis odar abincin ƙarshen shekara.

Na ga wuyanta ya yi ja har zuwa kunne. Mu goma sha uku muna wurin, kowannenmu yana da baki, kuma kalma ɗaya daga ɗayanmu ta isa: Malam, a sake tambayarta. Babu wanda ya faɗa, har da ni, ni da na fi kowa sanin gaskiya tunda lissafin a hannuna ya bi. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, kuma ba na karɓar uzurin cewa muna yara, don ina da shekara ashirin da takwas a lokacin.

An buɗe zauren a watan Mayu na 1962. Mutanen unguwa suka sa masa suna Kwale-kwale, mujallun ƙasashen waje suka buga hotonsa, ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa suna kwanciya rigingine a ƙasa don su kalli rufin. A allon tagulla suna ɗaya ne.

Aure da 'ya'ya

A watan Oktoba na 1964 ta auri Kuwabara Shinroku, malamin lissafi a wata makarantar sakandare, mutum mai haƙuri wanda bai taɓa hana ta zane ba. Bisa al'adar ofisoshin wancan lokaci, aure shi ne sallama, don haka ta kwashe rularta da fensiranta mako guda kafin biki. Malam ne babban baƙo a walimar, ya yi jawabi mai daɗi, ya ce yau Yoneyama ta samu ginin da ya dace da ita, wato gidan miji. Aka yi tafi.

Ta haifi Harumi a 1965, sa'an nan Osamu a 1968. A kan teburin cin abinci ta ci gaba da sana'arta, tana share zane gefe in lokacin cin shinkafa da miya ya yi, kuma cikin shekara talatin ta zana gidajen zama arba'in da ɗaya, da gidan wanka na unguwa, da ƙaramin asibitin haƙori. A gida ba ta taɓa ɗaga maganar zauren ba, ko ga mijinta sai sau ɗaya.

Shi kuwa Malam sai ɗaukaka yake yi. A 1973 ya wallafa littafin tunane-tunanensa, inda ya rubuta shafi shida a kan yadda siffar rufin ta zo masa yana yaro yana kallon jiragen masunta. Mutumin da aka haifa a tsakiyar duwatsu, wanda in ya hau jirgin fito sai an riƙe masa bokitin amai! Na kai mata littafin raina a ɓace. Ta karanta shafukan a tsaye, ta mayar mini, ta ce, “Ya iya rubutu, ka san.”

Duk da haka, kowace ranar biyu ga Janairu tana cikin tsofaffin ɗaliban da ke zuwa gidansa gaisuwar sabuwar shekara, da kwalin kayan zaƙi a hannu, shekara ashirin da bakwai ba fashi. Na taɓa tambayarta a hanyar tasha me take zuwa nema.

“Sau ɗaya ya tambaye ni, Injiniya. Saura biyu.”

“Ki tambaye shi ke mana.”

“In roƙi abina? Ka san ba haka aka haife ni ba.”

A watan Fabrairu na 1989 muka je duba shi a asibiti, kwana tara kafin rasuwarsa. Ya gane ta, ya yafito ta da yatsa, ta matso ta sunkuya.

“Yoneyama, rufin nan bai taɓa yoyo ba, ko?”

“Bai taɓa ba, Malam.”

“Madalla,” in ji shi, ya lumshe ido. Iyakar abin da ta samu ke nan.

Shekarun tsufa

Mijinta ya rasu a 2003, ta ci gaba da zama ita kaɗai a gidansu na yammacin birnin. A babbar girgizar ƙasa ta watan Maris na 2011 bangayen ofisoshin da ke gefen zauren sun tsattsage, amma rufin ko tsagar gashi bai yi ba, na je na duba da idona. Duk da haka hukumar gundumar ta rufe ginin a shekara mai zuwa, ta ce ya tsufa, ta kuma bayyana niyyar rushe shi a gina dogon bene a wurin.

Aka kafa kwamitin ceto ƙarƙashin jagorancin ɗan Malam, Uchikoshi Takanori, wanda shi ma ya zama farfesa. Yana binciken kayan mahaifinsa ya ci karo da kwalin takalmin nan, da samfurin a ciki, da lissafi a ƙasansa da rubutun hannun Tokie da kwanan wata. A kakar 2014 ya zo gidanta, ya nemi in kasance a wurin. Ya durƙusa a kan tabarma, ya ajiye kwalin a gabanta, goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

“Mama, na gani, kuma na san abin da ake nufi. Amma hujjarmu ɗaya ce tak a gaban majalisa, cewa wannan shi ne mafi kyawun ayyukan Baba. In aka ji ba shi ya zana rufin ba, gobe za su kawo katafila.”

“To me kake so da tsohuwa?”

“Ki yi shiru, na ɗan lokaci kawai. Ranar da aka ceci ginin ni da kaina zan tara 'yan jarida.”

Ta daɗe tana kallon samfurin ba ta taɓa shi ba. Sa'an nan ta ce, “Kai ma ka iya magana, kamar mahaifinka. Na ji.” Ya juyo gare ni, ni ma na ce na ji.

Zaman majalisa

Ranar goma sha takwas ga Yuni na 2015 majalisar gundumar ta yi zaman jin bahasi, aka gayyace mu mu biyu a matsayin waɗanda suka rage cikin ma'aikatan ofishin. Tokie tana da shekara tamanin da uku, da sanda ta shiga. Cikin kansilolin akwai wata matashiya, Mibu Kaori, wadda ta ji ƙishin-ƙishin daga wani wuri, kuma ga alama da zuciya ɗaya ta yi tambayar.

“Mama, an ce mini ke kika zana rufin nan. Haka ne?”

“Aikin Malam ne, 'yata.”

Kansilar ba ta zauna ba. Ta ce, “Ki gafarce ni, Mama, na san mutanen da da kawaici. Bari in sake tambaya, kuma za a rubuta amsar a kundin majalisa. Wa ya zana shi?”

In an haɗa da na Malam, tayi na uku ke nan, wanda ake karɓa, bayan shekara hamsin da uku da rabi, a gaban jama'a da magatakarda da alƙalami a hannu. Ina zaune kusa da ita, ina jin numfashinta. Ta dubi Takanori, wanda ya kafa wa takalminsa ido, ta dubi taga, inda ake hango ƙugun rufin a ƙetaren titi.

“Farfesa Uchikoshi ne ya zana shi. Ni layi kawai na ja.”

Aka juyo kaina, aka tambaye ni ko ina da ƙari. Na ce ba ni da shi.

A waje, muna jiran mota, ta ce mini, “Wancan karon kunya ce ta sa, Injiniya. Wannan karon da hankalina na yi. In zauren ya tsaya, na yafe.”

Bai tsaya ba. A watan Satumba majalisar ta jefa ƙuri'a, ashirin da shida suka ce a rushe, tara suka ce a bari, kuma a duk muhawarar ranar sunan Malam sau biyu kawai aka ambata. Ashe sunan da muka yi ƙarya don mu kare bai dami kowa ba, filin suke so. Aka fara rusau a watan Janairu na 2017. Ɗan kwangilar ya yi alƙawarin mako shida, ya yi wata huɗu, saboda rufin ya ƙi faɗuwa sai da aka yanka shi gunduwa-gunduwa. Ta je kallo sau ɗaya, ta tsaya a bakin shinge minti goma, ta ce, “Aƙalla ya ba su wuya,” ta nemi a mai da ita gida.

Na rubuta wa Takanori wasiƙa uku ina tuna masa alƙawarinsa. Ya amsa ta uku cikin ladabi mai yawa, ya ce alƙawarin na ranar da aka ceci ginin ne, kuma tunda al'amari ya zo haka, tayar da maganar ba zai ƙara wa kowa komai ba sai ɓata sunan mamaci. An ɗauke allon tagullan an kafa shi a harabar sabon benen, kusa da na'urar sayar da lemo.

Rasuwa da jana'iza

Kuwabara Tokie, wadda aka haifa Yoneyama, ta rasu ranar ashirin da ɗaya ga Nuwamba na 2019 a wani asibiti da ke yammacin Tokyo, bayan jinyar ciwon huhu ta mako uku, tana da shekara tamanin da bakwai. Babu jaridar da ta buga labarin. An yi jana'izarta bayan kwana uku a gaban mutum goma sha ɗaya, babu mai zanen gini ko ɗaya cikinsu, Takanori ya aiko da furanni. Bayan an ƙona gawar an tsince ƙasusuwa, aka zauna cin abinci, sai na miƙe da ƙyar, na dafa tebur, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun 1961.

“Ni Ebina Tatsuo, na shaida mahaifiyarku ce ta zana rufin Zauren Bakin Kogi. Ita kaɗai. Ni na yi lissafinsa.”

Harumi ta rufe fuska da hannu. Sauran suka sunkuyar da kai don ladabi, irin wanda ake yi wa tsoho in ya fara sambatu. Sai wata jikarta da ta zo daga Sapporo, budurwa mai hankali, ta tambaye ni a hankali don kada ta kunyata ni: “Kaka, wane zaure?”

An ajiye tokarta bayan kwana arba'in da tara a kabarin dangin mijinta, ƙarƙashin dutsen da aka sassaƙa wa suna ɗaya na zuri'ar Kuwabara. Ta rasu ta bar 'ya'ya biyu: Harumi, ma'aikaciyar jinya mai ritaya da ke zaune a Tokyo, da Osamu, ma'aikacin jirgin ƙasa a Sapporo. Ta kuma bar jikoki huɗu: Keita, da Yuzuru, da Chihiro, da ƙaramarsu Nanase, wadda ta yi mini waccan tambaya. Na ce mata in ta sake zuwa Tokyo zan yi mata bayani. Ta zo sau biyu tun daga lokacin, ban neme ta ba, domin ba ni da inda zan kai ta in nuna mata.